Kaurar Baba da Ruwan Takwas ga Mayu

Talata, 8 ga Mayu, 1990, bayan la'asar

Ruwa ya sauka a Gwangwan. Hadari ya taso daga gabas tun azahar, iska ta fara yaye jinkar rumbun maƙwabcinmu Mijinyawa, sannan aka kece da ruwa kusan awa biyu. Yana ɗaukewa na ruga bayan gidanmu na duba ma'aunin ruwan sama. Milimita talatin da huɗu. Sau biyu na auna don kada a ce zumuɗi ne.

Shekara huɗu ke nan ina aikin malamin gona, kuma shekara huɗun nan mutanen garin nan suna ce wa ma'aunin nan "kwalbar Aƙilu", sai ka ce don wasa na kafa shi. To yau kwalba ta yi magana. Na haddace littafin ruwa na ofishinmu, shekara goma sha ɗaya a rubuce. A cikinsu duka, in dai ruwan Mayu ya haura talatin, ba a taɓa wuce kwana tara ba a sami wani ba. Haka yanayin ƙasarmu yake. Afrilu ya gasa mu, Mayu ya buɗe ƙofa, Yuni ya zauna da gindinsa, Agusta a sha marka, Oktoba kowa ya wasa laujensa. Ba ni na ƙirƙira ba.

Yaya Jibo yana Beli tare da matarsa Zaituna, wajen makokin mahaifinta. Sai an yi sadakar bakwai zai dawo. Wannan ce daminarmu ta farko babu Baba, kuma danshi ba zai jira a tashi daga makoki ba.

Laraba, 9 ga Mayu, da hantsi

Shitu ya biyo da sassafe. Shi ne Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonarmu duk rani suna zuba mana taki, tun Baba na raye. Bayan mun gaisa na ce masa gobe zan yi shuka. Ya soka sandarsa a ƙasa, ya tona da hannu, ya nuna mini inda danshi ya tsaya. Bai kai tsawon tafin hannu ba.

Ya ce, "Malam Aƙilu, wannan ruwan baƙo ne, gaisuwa ya zo yi. Ka ga shamuwa a kan tsamiyar masallaci? Ni ban gan ta ba. Iskar safe ma har yanzu ba ta juyo daga kudu ba."

Na ce masa tsuntsuwa ba ta je makarantar aikin gona ba. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, amma ita ba a taɓa ganin ta yi ƙwai da rani ba. Kowa a garin nan masanin sama ne, har da wanda bai iya rubuta sunansa ba.

Inna ma ta ce in jira yayana. Na san abin da take tsoro. Dawarmu ba irin ta kasuwa ba ce. Kaura ce da kakanmu ya taho da ita daga Yammedi, mai dogon wuya, tuwonta ya kwana biyu bai saki ba. Babu mai irinta a Gwangwan sai gidanmu. Duk kaka Baba da kansa yake zaɓen zangarniyar iri, ya kasa ta uku. Kashi ɗaya na shuka, ɗaya na sakewa idan ta farko ta ƙone, na ukun kuma a rataye shi a madafin Inna inda hayaƙi ke bugunsa, ba mai taɓa shi sai sabuwar dawa ta shiga rumbu. Allah ya jiƙan Baba, amma wannan tsoro ne kawai aka ɗaura masa rawani aka kira shi al'ada.

Alhamis, 10 ga Mayu, bayan magariba

An yi shuka. Na kira gayya, mutum tara suka zo. Na ja igiya aka yi layi-layi, taku ɗaya tsakanin rami da rami kamar yadda aka koya mana, maimakon taku biyun Baba da ke barin rabin gona tana hutu. Ban yi tunanin cewa hakan zai ci iri ninki biyu ba.

Iri ya ɗan gaza. An yi dabara. Gonar gida da ta kan tudu duka an rufe su kafin la'asar. Bayana kamar zai tsinke, amma raina fari ƙal.

Juma'a, 11 ga Mayu, da safe

Na gaida Inna a ƙofar madafi. Da ka ta amsa.

Litinin, 14 ga Mayu, da yamma

Ta tsiro! Layi a miƙe kamar an ja shi da rula. Masu wucewa kasuwa suna tsayar da kekensu suna kallo. Mijinyawa ma ya ga abin ya burge shi, ya shuka rabin gonarsa ranar Juma'a. Da Baba zai leƙo ya gani, ban san me zai ce ba, amma dai zai tsaya ya kalla.

Ma'auni babu komai. Kwana shida, ba wani abu ba ne.

Laraba, 16 ga Mayu, bayan azahar

Yaya ya dawo. Ko ruwa bai sha ba ya wuce gona, ya daɗe a can. Da ya dawo ya shiga madafi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da ya yi aure. Ya fito ya same ni a zaure ina goge keke.

Ya ce, "Aƙilu, har da na madafin?"

Na ce, "Yaya, ai kashi biyun ba su isa ba. Ka bari ka ga kaka. Zangarniyar iri har sai ka rasa inda za ka rataye ta."

Ya ce, "Allah ya kai mu." Ya shiga gida.

Da ma faɗa ya yi mini. Na tanadi amsoshi tun ranar Alhamis, har da lissafi a takarda, ga su nan a aljihuna ban sami inda zan sauke su ba.

Alhamis, 17 ga Mayu, da la'asar

Kwana tara. Babu komai.

Juma'a, 18 ga Mayu, da la'asar

Kwana goma. Littafi ba Alƙur'ani ba ne, kwana ɗaya ko biyu a kai ba ya nufin komai.

Lahadi, 20 ga Mayu, bayan magariba

Hadari ya haɗu yau har gari ya yi duhu, kaji suka shige akurki. Mata suka fito da tukwane suka jera ƙarƙashin indararo. Na tsaya kusa da ma'auni kamar mai jiran baƙo a tasha. Iska ta taso ta kwashe hadarin gaba ɗaya ta yi yamma da shi. Ɗigo bakwai na ƙirga a kan rigata. An ce an yi yayyafi wajen Rogo, wanda bai ko kwantar da ƙasa ba.

Zafi ya dawo kamar na tsakiyar Afrilu. Ko a inuwa mutum ya zauna gumi yake yi, randa ma ruwanta ɗumi ne.

Talata, 22 ga Mayu, da tsakar rana

Ganye ya fara naɗewa a gonar kan tudu. Da safe yakan buɗe, kafin hantsi ya sake naɗewa. Yau bai buɗe ba.

A gida kuwa ba mai ce mini komai. Zaituna tana ajiye mini kwanon tuwo a ƙofar ɗaki ta ce, "Ga abinci," ta juya. Da can har tsokanata take yi wai angon kwalba. Yanzu ladabi ake yi mini a gidan nan kamar wani baƙon hakimi, kuma ladabin ya fi zagi ciwo.

Juma'a, 25 ga Mayu, bayan la'asar

An fita roƙon ruwa. Aka taru a filin idi, tsofaffi da yara a gaba, riguna a juye. Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Na yi kuka, kuma ban san ko tsoron Allah ne ko tsoron kaina ba.

A hanyar dawowa Mijinyawa ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Malam, me kwalba ta ce? Ko ita ma tana azumi ne?" Aka yi dariya. Shi yana da bakin dariya. Tasa shukar ma ta ƙone, amma rabin gona ya shuka, irinsa na sakewa yana nan a tukunya an liƙe da toka. Duk wanda ya bi ni a garin nan da ƙafa ɗaya ya bi ni. Ni kaɗai ne na yarda da kaina gaba ɗaya.

Yaya yana gefe yana jin su. Bai yi dariya ba, bai kuma kare ni ba.

Asabar, 26 ga Mayu

Babu komai.

Litinin, 28 ga Mayu, da yamma

Na je ofis a Karaye na ɗauko littafin ruwa, wai ko zan ga shekarar da ta yi kama da bana. Na buɗe tun daga farko. Daga saba'in da bakwai zuwa tamanin da tara, shekara goma sha uku ke nan, ba goma sha ɗaya ba. Shafin tamanin da uku da na tamanin da huɗu fari ne tas, in ban da layi uku a sama. Na san da su. Duk lokacin da nake lissafi nakan tsallake su in ce babu bayani.

Na tambayi masinjan ofis, dattijon da ya daɗe a wurin, me ya sa ba a cike su ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai cike? Mai rubutawar ya kwashe iyalinsa ya yi kudu neman abin da za su ci. Shekarun fari ne ai."

Ashe littafin nawa shekarun da mutane suka ƙoshi kawai ya sani. A waɗancan shekaru biyun ina makarantar kwana, ana kaɗa mana ƙararrawa sau uku a rana mu je mu ci. Wasiƙar Baba takan zo ta ce kowa lafiya.

Na mayar da littafin inda yake. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba na jin zan gaya.

Laraba, 30 ga Mayu, da hantsi

Gonar kan tudu ta tafi. A gonar gida akwai wani kwari kusa da gawo inda shanun Shitu suka fi kwana, nan na sami tushe arba'in da ɗaya da sauran rai. Na kewaye su da ƙaya. Idan ko ashirin suka yi zangarniya, iri bai ɓata ba. Tun jiya nake ɗebo ruwa a rijiyar unguwa, garwa huɗu safe, huɗu yamma.

Alhamis, 31 ga Mayu, bayan azahar

Mai unguwa ya aiko, cikin girmamawa, wai rijiya ta ja baya, guga laka yake ɗebowa, a bar ruwan don sha. Na san matan unguwa ne suka kai ƙara. Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushinsu.

Yanzu sai rafi, inda masu shanu suka haƙa ramuka a cikin yashi. Shitu ya bar mini raminsa in ɗiba kafin shanu su sha. Ya taimaka mini na ɗaure jarka a keke, bai tuna mini da maganar ranar nan ba. Ni ne dai nake ta tunawa.

Asabar, 2 ga Yuni, da yamma

Saura tushe talatin. Gara ta shiga.

Litinin, 4 ga Yuni, da la'asar

Inna ta kira ni yau, karo na farko tun shuka. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce a shekarar fari ta biyu sau biyu Baba ya yi shuka tana ƙonewa. Abinci ya ƙare, suna cin tafasa da dusa, Yaya kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta ce ita da kanta ta roƙi Baba a sauke na madafi a yi wa Yaya kunu ko sau ɗaya, ya ƙi. Yaya ma daga kwance ya ce kada a taɓa. Da ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, shi aka shuka, shi ne dawar da muke ci har yau.

Ta ce, "Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba, ɗan nan. Na ga ba ka sani ba ne."

Na ce me ya sa ba a taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Kana karatu. Babanku ya ce kada a tayar maka da hankali."

To an gode. An ɓoye mini yunwa don in yi karatu, na yi karatun na dawo na ƙone abin da suka yi yunwar dominsa. Wa zan kama da laifi? Na so in kama Baba, na kasa.

Laraba, 6 ga Yuni, bayan magariba

Na tuna Baba ya taɓa ba yayarmu Lantana zangarniya biyar lokacin da mijinta ya so gwada irin a Beli. Na hau keke tun da asuba ban gaya wa kowa ba. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa tabarma, muka gaisa, ta tambayi Inna da Yaya da zafi. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ayya, Aƙilu. Bai shuka ba ai, ya ce ta cika daɗewa a gona. Da azumin nan na sussuke ta na yi wa yara kunu. Da na sani..."

Na ce babu komai. Ta ce in tsaya in ci abinci, na ce sauri nake. Na baro Beli rana tana tsakar ka, taya ta yi faci a hanya, na turo keken har gida. Ban sami zuwa rafi ba yau.

Alhamis, 7 ga Yuni, da safe

Saura goma sha biyu.

Asabar, 9 ga Yuni, da la'asar

Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci, guda huɗu. Yara suna ta yi mata waƙa. Iska ta juyo daga kudu tun jiya, mai sanyi, har da ƙanshin ƙasa. Kowa ya fito da sungumi yana gyara ƙota. Shitu ya ce kwana biyu ko uku.

Na gyaɗa masa kai.

Litinin, 11 ga Yuni, bayan magariba

Ruwan ya zo, amma ya aiko iska ta riga shi. Ina gona lokacin da ta taso. Yashi take kwasowa daga gonakin da babu komai a kansu, tana watsa shi kamar ana jifa. Na tuɓe rigata na rufe tushe uku, na tsuguna a kan wasu, ƙayar da na kewaye su da ita ta tashi ta yi gaba. Kusan rabin awa ana haka kafin ɗigon farko.

Da ruwa ya ɗauke na tona da hannu. Wasu yashi ya yanke su daga gindi, wasu ya binne su. Na sami biyu a tsaye. Ɗaya na taɓa shi ya biyo hannuna, gara ta riga ta cinye saiwar. Ɗayan ma haka.

Ban duba ma'auni ba. Ya cika ko bai cika ba, shi ya sani.

Talata, 12 ga Yuni, da safe

An kwana ana yayyafi. Duk garin suna gona. Daga ɗakina ina jin matan Mijinyawa suna guɗa.

Akwai buhun irin ofis a bayan ƙofata, gajeriyar dawa mai saurin nuna. Shekara uku ina kawo wa Baba irinta yana cewa in ba kaji. Ban iya ɗaukarsa in kai wa Yaya ba. Na gaya wa Inna abin da ya faru da tushen nan, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da hura wuta.

Laraba, 13 ga Yuni, bayan azahar

Yaya ya yi sallama a ƙofar ɗakina da sassafe, da sungumi a kafaɗarsa. Ya tsaya daga waje, ya gaishe ni, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce ko akwai sauran irin nan na gwamnati. Na ce akwai. Na ɗauko buhun, ya karɓa ya ɗora a ka, bai bari na ɗauka ba.

Muka isa gonar gida. Ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu, na gani da ya tona. Na fara cewa, "Yaya, wallahi ni..." sai ya katse ni a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Malam, ita wannan taku nawa ake ba ta?"

Tunda aka haife ni bai taɓa ce mini Malam ba. Shi ya goya ni, shi ya kai ni makaranta ranar farko a kan jaki. Shekara huɗu ina jiran ranar da zai tambaye ni yadda ake shuka, ina ta shirya yadda zan yi masa bayani. Yau ya tambaya, kuma na gwammace ya mare ni.

Na ce taku ɗaya. Ya ce to. Ya shiga gaba yana sara, ina bayansa ina zuba iri ina rufewa da diddige, har aka kira azahar.